Ƙa'idojin awon kaya da tsarin ShebaMiles na kamfanin jiragen Ethiopian: abin da matafiyi ke da haƙƙi a kai

Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ko mai niyyar Umara, ko ɗalibin da zai koma makaranta a ƙetare, kuɗin tikiti rabin lissafi ne kawai. Sauran rabin yana kan sikeli a wurin awon kaya, inda kilo biyar da suka yi rara kan iya cinye ribar tafiya, ko su sa mutum ya tsuguna gaban jama'a yana zazzage akwati. Kamfanin jiragen saman Habasha, Ethiopian Airlines, yana cikin waɗanda 'yan Najeriya suka fi hawa zuwa ƙasashen waje, don haka sanin ƙa'idojinsa na kaya da tsarinsa na saka wa masu yawan tafiya abu ne da ke taɓa aljihun mutane da dama.

An kafa kamfanin a watan Disambar 1945, ya kuma fara jigila a watan Afrilun 1946 da tafiya zuwa Alƙahira. Mallakin gwamnatin Habasha ne, cibiyarsa kuma ita ce filin jirgin Bole da ke Adis Ababa. Tun 1960 yake zuwa Najeriya, a yanzu yana sauka a Legas, Abuja, Kano da Enugu, baya ga Yamai, Injamena da Akra a maƙwabta. Lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na makonni shida a 2017 domin gyaran titin saukar jirage, shi ne kamfanin waje da ya yarda ya karkata jiragensa zuwa Kaduna.

Tsarin ƙidayar jaka da tsarin jimillar nauyi

Kamfanonin jiragen sama na bin ɗaya daga cikin tsari biyu. A tsarin jimillar nauyi, ana ba fasinja adadin kilo, misali 30, ya raba su yadda ya ga dama tsakanin jakunkunansa. A tsarin ƙidayar jaka kuwa, ana ƙayyade masa yawan jakunkuna da iyakar nauyin kowace ɗaya. Na biyun ne Ethiopian ke amfani da shi a mafi yawan hanyoyinsa na ƙasa da ƙasa: fasinjan ajin gama-gari yana da jaka biyu, kowace kada ta wuce kilo 23, shi kuwa na babban aji, wanda kamfanin ke kira Cloud Nine, yana da jaka biyu masu kilo 32 kowace. Haka nan idan aka haɗa tsawo da faɗi da kaurin jaka, kada jimillar ta haura santimita 158.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Jaka biyu masu kilo 23 ba daidai suke da kilo 46 da mutum zai raba yadda yake so ba. Wanda ya zo da akwati mai kilo 28 da wani mai kilo 18 bai wuce 46 ba, amma akwatin farko ya karya ƙa'ida, kuma za a caje shi kuɗin rarar nauyi sai dai in ya kwashe kilo biyar ya mayar cikin na biyun. Wanda ya zo da ƙananan jakunkuna uku masu kilo 12 kowace shi ma zai biya kuɗin jaka ta uku, duk da cewa jimillar kayansa kilo 36 ne kacal. Sikelin gida, irin na rataye da ake sayarwa a kasuwa, ya isa ya raba mutum da wannan gardama.

Kilo 32 kuma iyaka ce da kuɗi ba ya ɗaga ta. An sanya ta ne domin lafiyar ma'aikatan da ke ɗaga kaya da hannu, kuma kusan duk manyan kamfanoni sun yi tarayya a kanta. Jakar da ta haura haka sai a raba ta biyu, ko a aika da ita ta kago. Ga ɗan kasuwa mai kaya da yawa, kagon ma ya fi sauƙi idan aka lissafa kuɗin kowane kilo, illa dai kayan ba sa isowa tare da mai su, kuma suna bi ta hannun jami'an kwastam a matsayin haja.

Duk waɗannan alƙaluma ƙa'ida ce ta gaba ɗaya. Abin da ke aiki a ranar tafiya shi ne abin da aka rubuta a jikin tikiti, domin adadin kan bambanta daga hanya zuwa hanya, daga farashi zuwa farashi. Idan an ga 2PC a tikiti, jaka biyu ke nan. 1PC jaka ɗaya. Idan kuma lamba ce da harafin K, kamar 30K, to tsarin jimillar nauyi ake nufi. Ya kamata wanda ya sayi tikiti ta hannun ejan ya duba wannan layi kafin ya biya, domin alkawarin baki da ejan ya yi ba hujja ba ne a gaban ma'aikacin awo.

Siffar jaka ita ma ta zama ƙa'ida. A watan Nuwamban 2023, ofishin kamfanin a Najeriya ya sanar da daina karɓar jakar nan da ake kira Gana-mas-go a matsayin kayan awo, bisa dalilin cewa tana maƙalewa tana lalata bel ɗin da ke jan kaya a filayen jirgi, sai dai in an sanya ta cikin kwali ko wani mazubi mai tauri mai kusurwa huɗu. Matakin ya fi shafar 'yan kasuwa, waɗanda suka fi son jakar saboda ba ta da nauyin kanta. Akwati mai tauri kan cinye kilo huɗu ko biyar daga cikin 23 tun ba a sa komai a ciki ba.

Jakar hannu a ajin gama-gari ɗaya ce, mai kilo bakwai. A cikinta ya kamata a sa fasfo, kuɗi, magunguna, zinare da kwamfuta. Fawa-bank da batiran waya na safiya ba a yarda a sa su cikin kayan awo ba saboda haɗarin gobara, sai a jakar hannu. Ruwa, turare da man shafawa kuma akasin haka, abin da ya wuce mililita 100 a kwalba sai dai ya bi kayan awo. Akwai kuma abin da jirgi zai ɗauka amma ƙasar da za a sauka ta hana: kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka da Birtaniya, goro kuma hukumar alhazai ta sha gargaɗin kada a kai shi Saudiyya.

Idan tafiya ta haɗa jirage fiye da ɗaya

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri da zai tashi daga Abuja yakan fara da jirgin cikin gida. Idan tikitin cikin gidan daban ne, to ƙa'idarsa ma daban ce, kuma jiragen cikin gida ba sa ba da abin da ya kai kilo 46 kyauta. Mutum na iya biyan rara tsakanin Maiduguri da Abuja a kan kayan da Ethiopian zai ɗauka masa kyauta har Dubai.

Idan kuwa tikiti ɗaya ne ya haɗa kamfanoni biyu, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta kafa ƙa'ida tun watan Afrilun 2011 cewa dokar kayan kamfanin da ya ɗauki muhimmin zangon tafiyar ita ake bi, wato wanda ya tsallaka da fasinja daga wani yanki na duniya zuwa wani. Tafiyar da ta fara ko ta ƙare a Amurka ko Kanada ta fita daban: a can, kamfanin farko da ke jikin tikitin shi ke tsayar da ƙa'idar tafiyar baki ɗaya.

ShebaMiles

Tsarin saka wa masu yawan tafiya na kamfanin ya samo sunansa ne daga Sarauniyar Saba, wadda Hausawa suka sani da Bilkisu, Habashawa kuma ke ɗauka a matsayin kakar sarakunansu. Rajista kyauta ce, ta shafin kamfanin na intanet ko manhajarsa ta waya. Ana ba mutum lamba, duk tafiyar da aka shigar da lambar kuma sai a tara masa maki da ake ƙirgawa da mil.

Makin iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke sa wasu ganin an cuce su. Akwai na kashewa, wanda ake musanyawa da tikiti ko ƙarin matsayi daga ajin gama-gari zuwa babban aji. Akwai kuma na daraja, wanda ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai ya nuna matakin da mutum ya taka: Blue, sai Silver, sai Gold, sannan Platinum. Na darajar ana samun sa ne ta hanyar hawa jirgi a cikin wa'adin da aka ƙayyade, kuma matakin ba na dindindin ba ne. Wanda ya rage tafiya zai sauko.

Daga Kano zuwa Guangzhou ta Adis Ababa kimanin mil 7,000 ne, zuwa da dawowa kimanin 14,000. Sai dai ba kowane tikiti ke ba da cikakken adadin ba. A cikin ajin gama-gari kansa akwai rukunin farashi daban-daban, kowane da harafinsa, kuma tikitin rangwame kaso kaɗan na nisan yake bayarwa. Mutum biyu na iya zama kujera kusa da kujera, ɗaya ya samu ninkin abin da ɗayan ya samu. Tikitin da ake kira na kyauta ma ba kyauta ba ne gaba ɗaya, domin harajin filayen jirgi da sauran caje-caje na nan a kan fasinja, kujerun da ake warewa don makin kuma kaɗan ne, musamman a lokacin Umarar azumi da hutun ƙarshen shekara. Makin kashewa yana da wa'adin da yake ƙonewa idan an bar shi ajiye.

Saboda haka, ga ɗan kasuwa, ainihin amfanin tsarin yana wurin sikeli. Daga matakin Silver zuwa sama, kamfanin na ƙara wa mamba kaya kyauta a jiragensa. Wanda ke zuwa Sin ko Dubai sau huɗu ko biyar a shekara, ƙarin jaka a kowace tafiya ya fi masa tikiti guda da zai jira shekara biyu kafin makinsa ya kai. Wanda kuwa ke tafiya sau ɗaya a shekara, babu dalilin da zai sa ya sayi tikiti mai tsada don neman matakin da ba zai kai ba. Ya yi rajistar dai, tunda ba ta cin komai.

Tun watan Disambar 2011 Ethiopian ya shiga ƙawancen Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, kuma ya ƙunshi kamfanoni irin su EgyptAir, Turkish Airlines, Lufthansa, United, Air China da South African Airways. Ma'anar wannan ita ce mai lambar ShebaMiles zai iya tara maki ko da EgyptAir ya hau zuwa Jidda, ko Turkish zuwa Santambul. Masu matakin Gold da Platinum ana ɗaukar su a matsayin masu katin zinare na ƙawancen baki ɗaya: suna da ƙarin jaka ɗaya, ko kilo 20 inda ake bin tsarin jimillar nauyi, da layin awo na musamman, da shiga zauren hutawa, da fitowar kayansu da wuri. Wasu tikitoci mafi araha na kamfanonin Turai ba sa cikin wannan rangwame na kaya. Matakin Silver kuwa ba ya ba da ƙarin kaya a jiragen sauran kamfanonin ƙawancen, abin da yake bayarwa fifiko ne a jerin masu jiran kujera.

Sharaɗi ɗaya da ke yawan hana Hausawa makinsu shi ne rubutun suna. Dole sunan da ke asusun ShebaMiles ya dace da na fasfo da na tikiti. Wanda aka rubuta wa Muhammad a wuri ɗaya, Mohammed a wani, ko aka juya masa sunan mahaifi ya koma na farko, kwamfuta za ta ɗauke shi mutum biyu. Makin kuma na wanda ya hau jirgin ne, ba na wanda ya biya ba. Maigidan da ya saya wa yaransa tikiti ba zai sa lambarsa a tafiyarsu ba. Idan an manta ba a shigar da lamba ba, ana iya neman makin daga baya cikin wa'adi, muddin an adana tikiti da katin shiga jirgi.

Idan kaya suka ɓata ko suka lalace

A nan ba ƙa'idar kamfani kaɗai ke aiki ba, akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta amince da ita, haka ma Sin, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yarjejeniyar ta ƙayyade iyakar diyyar kaya ga kowane fasinja da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Daga ƙarshen Disambar 2024 iyakar ta koma 1,519, kimanin dalar Amurka 2,000. Wannan iyaka ce ta sama, ba adadin da ake miƙa wa kowa ba, kuma ta fasinja ce, ba ta kowace jaka ba. Wanda ya cika akwati da wayoyin salula na dala 10,000 ya ɓata, abin da doka ta tilasta a biya shi bai wuce waccan iyakar ba, sai in tun a wurin awo ya bayyana darajar kayan ya biya ƙarin kuɗi a kai.

Wanda bai ga jakarsa ba ya cike takardar rahoto a teburin kamfanin kafin ya bar filin jirgi. Ƙorafin lalacewar kaya dole a shigar da shi a rubuce cikin kwana bakwai da karɓarsu, na jinkiri kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa su. Jakar da ta kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukar ta a matsayin ɓatacciya. Damar kai ƙara kotu tana faɗuwa bayan shekara biyu, kuma kafin a kai ga haka Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji da ke karɓar koke.

Duk wannan ya dogara ne da 'yar ƙaramar takardar shaidar kaya da ake manna wa fasinja a bayan katin shiga jirgi. Ita ce hujjar cewa jakar tasa ce, kuma ita ce hujjar yawan jakunkunan da aka rubuta da sunansa. A ƙarshen 2018 hukumomin Saudiyya sun tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umara, bayan an samu ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa wasu ne a filin jirgin Kano suka maƙala sunan nata a jakar da ba tata ba, kuma sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta. Fasinjan da tikitinsa ya ba shi jaka biyu amma ya auna ɗaya, ya tabbatar takarda ɗaya aka ba shi, ya kuma ɗauki hotonta da na jakar kafin bel ya tafi da ita.