Fitilar da Ta Yi Shaidar Zur: Daga Three Mile Island zuwa Zariya

Maƙalarmu ta wannan mako a kan bawul take, ɗan abin nan da muka sani a jikin taya da injin ban-ruwa, da yadda ya kusa jawo bala'i a Amurka.

Ranar 28 ga Maris, 1979, da ƙarfe huɗu na asuba, famfunan ruwa suka tsaya a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania. Famfunan ko-ta-kwana suka tashi nan take, amma ruwansu bai wuce ba, domin an bar bawul biyu na hanyarsu a rufe. Akwai fitilun da ke nuna hakan a ɗakin sarrafawa, sai dai wata takardar gyara da aka rataya ta rufe ɗaya daga ciki. Minti takwas aka yi kafin a farga.

Babbar matsalar tana gaba. Da zafi ya yi yawa, wani bawul ya buɗe don rage matsi, sannan ya ƙi rufewa. Fitilarsa kuwa ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufe. Ashe abin da take nunawa shi ne an aika masa umarni. Ko ya bi ko bai bi ba, ba ta sani ba. Ruwan da ke sanyaya tukunyar ya yi ta zuba, su kuma suka rage na gaggawa don suna zaton ya yi yawa. Sai bayan fiye da awa biyu aka rufe bawul na biyu da ke tsaye masa. Daga ƙarshe kusan rabin makamashin ya narke. Mutane wajen 140,000 suka bar gidajensu, aikin shara kuma bai ƙare ba sai 1993.

Abin takaici, irin wannan ya faru a tashar Davis-Besse ta jihar Ohio a 1977, an shawo kansa, amma darasin bai kai ga waɗannan ma'aikata ba. Bayan hatsarin ne hukumar nukiliya ta Amurka ta wajabta na'urorin da ke nuna ainihin halin da bawul yake ciki.

Ina ruwanmu mu 'yan Maigatari da Gumel? Maƙwabciyarmu Nijar tana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. A Zariya, cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar bincike, NIRR-1, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki da kilowat 30 a 2004 ƙarƙashin sa idon hukumar NNRA. Ita ruwanta da kansa yake zagayawa, ba ta dogara da irin waɗancan famfuna ba. Amma a 2017 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha kan manyan tashoshi, an kuma ambaci Geregu da Itu. Ranar da aka fara gini, jama'a za su buƙaci bayani da Hausa, kuma mu za su duba.

Don haka idan jami'i ya ce mana "an ba da umarni", mu tambaye shi: an aiwatar? Wa ya je ya gani da idonsa? Yaushe? Gani ya kori ji. Wannan tambaya ta shafi rijiyar burtsatsen Gagarawa da asibitin Sule Tankarkar kamar yadda ta shafi tashar nukiliya.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.