Ƙaiƙayi da Dundumi: Tarihin Gano Makantar Rafi a Jikin Tsofaffi

Idan dattijo ya zo asibiti daga unguwar Majidaɗi ta Jalingo yana kukan ƙaiƙayi da dundumi, a bakinsa cuta biyu ce. Su ma masana sun daɗe a kan wannan fahimta. Sai a 1915 Rodolfo Robles, likita a Gwatamala, ya danganta kullutun fata da ciwon ido. A 1926 kuma Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke yaɗa tsutsar cutar. A 1987 kamfanin Merck ya ɗauki alkawarin bayar da Mectizan kyauta, yankunan Bali da Gashaka na Taraba suka amfana.

Sai dai magani ba ya dawo da idon da ya riga ya mutu. Don haka likita kan duba ƙwaurin tsoho ko ya yi dabbare-dabbare kamar damisa, ya laluba ƙugu, ya tambayi garin ƙuruciyarsa. Dundumi a asali rashin gani ne da almuru. Yana da amosanin ido kuwa kowanne daban. Tafintan da ya dunƙule su duka ya ce "makanta", ya ɓatar da likita, ya cuci tsoho.