Bakteriyar da ke ciyar da dabbobin maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku

A shekarar 1977, masu bincike da suka nutsa cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin sun tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos, a zurfin kimanin mita 2,500. Hasken rana ba ya isa can, amma wurin cike yake da dabbobi. Da yawansu sun dogara ne da bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a jikinsu suna haɗa abinci da ƙarfin wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa tare da ruwan.

Tambayarmu a nan ita ce: yaya wannan bakteriya ta rarrabu daga wuri zuwa wuri? Amsar tana ga hanyar da dabbar ke samun ta.

Hanya ta farko ita ce gado. Wasu dabbobi masu ɓawo biyu, dangin Vesicomyidae, suna miƙa wa 'ya'yansu bakteriyar ta cikin ƙwai. Don haka galibi zuriyar bakteriyar tana bin zuriyar dabbar.

Hanya ta biyu ita ce ɗauka daga ruwa. Tsutsar Riftia, wadda tsawonta kan kai mita 2, ba ta da baki ko hanji idan ta girma. Tun tana ƙarama bakteriyar ke shiga ta fatarta. Saboda haka, a gabashin tekun Pasifik muna samun tsutsotsi mabambanta, kamar Riftia da Tevnia, ɗauke da nau'in bakteriya guda. A nan wurin zama ne ke raba bakteriyar fiye da jinsin dabbar. Haka kuma dabba ɗaya ta dangin Bathymodiolus kan tara iri-iri na bakteriya guda a jikinta.

Wannan sani yana da amfani, domin ana neman haƙar tagulla da zinariya a irin waɗannan wurare. Idan aka lalata maɓuɓɓuga, dawowar dabbobin ba za ta isa ba sai an samu bakteriyar da ta dace da wurin. Tuni a 2019 ƙungiyar IUCN ta sanya wata katantanwar maɓuɓɓugan tekun Indiya cikin halittun da ke fuskantar ɓacewa, saboda barazanar haƙar ma'adinai.