Haƙƙin Malaman Rajista: Daga Baitulmalin En'e Zuwa Asusun INEC

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A zaɓen tarayya na 1959 maza kaɗai ke da ƙuri'a a Jihar Arewa, kuma akasari malaman En'e ne suka rubuta sunayensu, da taimakon dagatai da masu unguwanni. Albashin waɗannan malamai daga baitulmalin En'e yake fitowa, En'e kuwa tana hannun sarakuna da manyan jam'iyyar NPC. Shi ya sa 'yan NEPU suka sha kokawa cewa mai riƙe da alƙalami ba zai saɓa wa mai biyansa ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, a shekarar ne kuma iyayenmu mata suka fara jefa ƙuri'a. Da hukumar FEDECO ta yi rajista a 1978, aikin ya koma hannun ma'aikatan wucin gadi, irin su malaman makaranta, ana biyansu alawus daga asusun hukumar zaɓe. A haka aka wuce zamanin NEC da NECON, har aka kafa INEC a 1998.

A watan Janairun 2011, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, INEC ta ɗora aikin a kan matasa masu yi wa ƙasa hidima, suka yi wa mutum fiye da miliyan 73 rajista da na'ura. Sai dai a jihohi da dama sun koka da jinkirin biyan alawus. Matashin da aka tura ƙauye, ba masauki, ba kuɗin abinci, wa zai fara miƙa masa hannu in ba ɗan siyasa ba? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu da ke zaune Kano, Kaduna, Abuja da Legas, ya kamata mu tuna cewa da wannan rajista ake auna nauyin garinmu ranar rabon ayyukan raya ƙasa. Idan lokacinta ya zagayo, mu haɗa hannu mu tanadar wa ma'aikatan masauki da ruwan sha a bainar jama'a, ba da sunan wata jam'iyya ba, mu kuma tuntuɓi wakilanmu har a biya su haƙƙinsu a kan kari. Allah Ya sa mu dace, amin.