Yadda Ruwa Ke Sace Launin Hoto, Da Yadda Aka Daɗe Ana Ƙwato Shi



Shin ka taɓa saka wayarka a jakar roba ka ɗauki hoto a cikin ruwa, sai ka ga komai ya fito shuɗi ko kore, fuskar mutum kamar ta mara lafiya? To kar ka zargi wayar. Wannan matsala ta girmi wayarka da shekaru sama da ɗari.

Laifin na ruwa ne. Hasken rana da kake gani fari, haɗakar launuka ne irin na bakan gizo, kuma idan ya shiga ruwa sai ruwan ya riƙa shanye su ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, kafin ka kai zurfin mita 5 ya kusa ƙarewa. Sai ruwan goro, sai rawaya, sai kore. Shuɗi ne kawai ke jure wa zurfi. Kuma tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ita ma tana cin launi, kamar yadda zurfin ke ci.

A 1856 wani Bature mai suna William Thompson ya saka kyamara a akwati ya zura ta cikin teku a Weymouth da ke Ingila. Hoton ya fito dishi-dishi, amma shi ake ɗauka a matsayin na farko. A 1893 kuma wani masanin halittun ruwa ɗan Faransa, Louis Boutan, ya fara nutsewa da kyamara da kansa. Su dai ba su damu da launi ba, domin hotunan lokacin baƙi da fari ne.

Rigimar launi ta taso ne a 1926, lokacin da William Longley da Charles Martin suka ɗauki hoton wani kifi a tsibiran Dry Tortugas na jihar Florida a Amurka. Ka san dabarar da suka yi? Hodar magniziyam suka ɗora a kan wani dandamali da ke yawo a saman ruwa, suka kunna ta, ta tashi kamar walƙiya ta haska ƙasa. Aiki ne mai hatsarin gaske, amma mujallar National Geographic ta buga hotunan masu launi a watan Janairun 1927.

Daga nan aka gane cewa in kana son launi, sai ka tafi da haskenka. Haka Jacques Cousteau ya yi, ya sauka da fitilu ya ɗauki fim ɗinsa na launi da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1956. A 1963 kamfanin Nikon ya fito da kyamarar Nikonos wadda ke shiga ruwa ba tare da akwati ba. Wanda ba shi da kuɗin fitila kuwa, sai ya manna jan gilashi a gaban kyamara, ya rage yawan shuɗin domin ɗan jan da ya rage ya samu fitowa.

Zuwan Photoshop a 1990 da kyamarorin dijital ya sauya lissafin. Hoton dijital launuka uku ne a haɗe: ja, kore da shuɗi, kuma ana iya ɗaga kowanne shi kaɗai. Aikin da a da sai da hoda mai fashewa, yanzu ya dawo aikin yatsa a fuskar wayarka.

Ga yadda za ka yi a Lightroom ko Snapseed. Fara da White Balance: ɗauki alamar tsinken zaɓen launi ka taɓa wani abu a hoton da ka san fari ne ko ruwan toka, kamar yashi. Sai ka ja Temperature zuwa ɓangaren rawaya don rage shuɗi. Idan ruwan kore ne, irin na tafki ko kogi, ja Tint zuwa ɓangaren shunayya. Daga nan ka shiga Curves ka zaɓi ja ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan. A Lightroom akwai Dehaze da ke rage hazon ruwa. Da ka ga ruwan ya fara komawa ruwan hoda, tsaya, ka wuce gona da iri.

Amma fa ka riƙe wannan: manhaja tana ƙarfafa jan da kyamara ta kama ne kawai. Idan ruwa ya riga ya shanye shi gaba ɗaya, duk jan da ka ƙara fenti ne ka shafa, kuma hoton zai cika da ɗigo-ɗigo. Shi ya sa gyara ke farawa tun kafin ka danna: matsa kusa da abin, tsaya inda ba zurfi, ɗauka lokacin da rana take tsaka, kuma ka kunna RAW in wayarka tana da shi, domin yana adana bayanan launi fiye da JPEG.

Wannan bambanci tsakanin gyara da fenti ba ƙaramin abu ba ne ga masana. Da launi suke gane ko murjani na cikin teku yana da lafiya ko ya fara fari yana mutuwa, don haka launin ƙarya zai ɓatar da su. A 2019 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Haifa, Derya Akkaynak da Tali Treibitz, suka fito da wata hanya mai suna Sea-thru. Tana amfani da hoton RAW tare da lissafin nisan kowane abu daga kyamara, sai ta ƙididdige abin da ruwan ya ci ta mayar, hoton ya fito kamar an kwashe ruwan.

Don haka in ka samu dama, ɗauki abu ɗaya sau biyu, daga kusa da kuma daga nesa, ka gyara su da matakan nan, ka ga wanne zai karɓi gyara. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.