Kauri da Zaƙi: Waiwaye Kan Yadda Muke Daidaita Sauti

Adogi, da ke gabas da Lafia a Jihar Nasarawa, gari ne na manoma, kuma kamar sauran garuruwan yankin, Hausa ce ke haɗa bakin jama'a a kasuwa da tasha ko da kowa yana da harshen da yake yi a gida. In ka tsaya a rumfar mai cajin waya da yamma, bayan an taso daga gona, za ka ga saurayi ya karɓi wayarsa, ya kunna data, ya shiga Audiomack ko Boomplay. Tun mawaƙi bai buɗe baki ba yaro ya shige saiti, ya nemo wasu 'yan sanduna biyar a jere, ya sa babban yatsa ya ture na hagu har ƙurewa. Ya ƙara bes ke nan. Sandunan nan su ne ikwalaiza, madaidaicin sauti, kuma abin da yaron ya yi cikin ƙiftawar ido, a zamanin kakansa sai injiniyan gidan rediyo ke da ikon yin sa.

Asalin na'urar ma ba don kiɗa aka yi ta ba. Matsalar tarho ce ta haife ta. Sauti girgiza ce, kuma kunnen yaro mai lafiya yana kama ta daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, ma'aunin da ake kira haz. Girgiza mai nawa ita ke ba da kauri irin na tambari, mai sauri kuma ta ba da zaƙi da kaifi irin na algaita. Injiniyoyin kamfanin Bell a Amurka sun lura cewa doguwar wayar tarho tana cinye zaƙin murya fiye da kaurinta, har magana ta isa wancan gefe a dushe. A shekarun 1920 Otto Zobel da abokan aikinsa suka tsara da'irorin lantarki masu rama wannan asara. Bayan su, a shekarun 1930, John Volkmann na kamfanin RCA ya yi wanda ake iya juyawa da hannu don gyara sautin gidajen silima. Aikin ikwalaiza tun ranar farko shi ne maido da abin da hanya ta cinye, domin a ji maganar mutum.

A Arewa kuwa, mun fara ne daga inda mai sauraro ba shi da ta cewa. A 1944 aka kafa rediyon waya a Kano, aka kakkafa lasifika a wuraren taruwar jama'a, masu hali kuma aka ja musu waya har gida zuwa wani akwati da ba a canza masa tasha. Yadda aka aiko haka za ka ji. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, lokacin Lafia tana cikin Lardin Binuwai na Jihar Arewa. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka yawaita, gajeren zango ya shigar da muryar Kaduna har ƙauyukan da babu lantarki, a kan mita 49. Wasu rediyoyin suna da ɗan maɓalli guda na sauya amo, ka tura shi nan murya ta yi kauri, ka mayar can ta yi siriri. Yawanci ana karkata shi wajen kauri ne don a danne shuuu ɗin iska.

Gajere da matsakaicin zango ƙunci gare su, da ƙyar suke wuce haz 5,000. Abin sha'awa shi ne waƙar Hausa ta ratsa wannan ƙunci ba ta rasa komai na kirki ba, domin ita waƙar magana ce. Kalangun Mamman Shata magana yake yi, yana hawa da sauka yadda harshe ke yi. Kotson Musa Ɗanƙwairo, gurmin Haruna Uji, ƙwaryar Barmani Choge, duk aikinsu su riƙe wa baiti hanya. Kuntigin Ɗanmaraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata, kusan ba shi da kauri ko kaɗan, amma ya cika Najeriya. Mutane sun haddace baitocin waɗannan mawaƙa daga rediyon da lasifikarsa ba ta fi tafin hannu ba, saboda zangon da rediyon ke iya ɗauka shi ne dai zangon da murya take zaune.

A can Turai an riga an miƙa wa mai sauraro makunni biyu. Peter Baxandall, wani injiniya Baturen Ingila, ya wallafa tsarinsa a 1952: makunni ɗaya na bes, ɗaya na tirebul, kowanne ana iya ƙara shi ko rage shi ba tare da ya dami ɗan'uwansa ba. Kusan duk amfilifayar da ta shigo ƙasar nan daga baya jikar wannan tsari ce. Amma sai da kaset ya zo talaka ya san daɗinsu.

Kamfanin Philips ya fitar da kaset a 1963, kuma a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya shigo, rakoda ta zama tsarabar alhazai da abin alfaharin ango. Zamanin rakoda ya koya wa mutanenmu ilimin sauti ba tare da makaranta ba. Kaset yana da nasa shuuu, kuma duk sanda aka kwafa daga wani kaset zuwa wani, zaƙi yakan ragu, hayaniya ta ƙaru. Kaset ɗin Shata ko na tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da ya iso kasuwar Lafia, ta yiwu kwafin kwafin kwafi ne. In murya ta dushe, sai a buɗe murfin rakoda, a jiƙa auduga da sifirit, wani ma da turare, a goge kan da kaset ke gogawa, audugar ta fito ja-ja da dattin tef. In abin bai yi ba, a kai wa mai gyaran rediyo. Shi kuma ya sa kaset yana tafiya, ya zura siririyar sukundireba ta wata 'yar kafa da ke saitin kan, ya kanga kunne, yana juya ɗan sukurun sannu a hankali. Sai ka ji muryar da take kamar daga cikin rijiya ta washe tangaran, har "s" da "ts" suna fita. Bai san sunan abin da ya yi a littafi ba, amma ya daidaita kan rakoda da layin da aka naɗa sautin a kai, kuma abin da yake bi da kunnensa shi ne fitar kalma. Ina ganin ba mu taɓa kusantar manufar masu ƙirƙirar ikwalaiza ba kamar yadda muka kusance ta a kan bencin waɗannan masu gyara.

A shekarun 1980 manyan rakodoji masu lasifika biyu suka zo da 'yan sanduna biyar a goshi. Nan aka fara al'adar da ta kawo har yau: a ɗaga na gefe da gefe, a sauke na tsakiya. Ido yana son siffar, kunne kuma yana jin kamar an ƙara wa kiɗa daraja. Sai dai muryar mawaƙi a tsakiyar nan take.

Shi ma kiɗan ya canza. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 harkar finafinan Hausa ta tashi a Kano, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa a yawancin waƙoƙin fim. Fim ɗin Sangaya shi ya buɗe wa wannan salo ƙofa sosai. Fiyano ya kawo abin da kalangu ba shi da shi, wato bes na lantarki mai dukan ƙirji. Masu DJ a gidajen biki suka ɗauka da janareta da manyan akwatuna, aka koma auna kyan kiɗa da yadda yake girgiza ƙasa. An ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1996, tashoshin FM irin su Precious FM suka zauna a Lafia, kuma FM tana kai sauti har wajen haz 15,000. Yaran da suka tashi a wannan lokaci kunnensu ya saba da faɗin da iyayensu ba su sani ba. Ban ga laifin wannan ba. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker an haɗa waƙoƙinsu ne da bes tun daga situdiyo, kuma haƙƙinsu ne a ji shi.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Ba a jima ba wayoyin Chaina masu ƙarar tsiya da gurbin memori suka cika kasuwa, aka sami sabuwar sana'a ta masu tura waƙa. Ka miƙa memori, a cika maka da waƙoƙi da wa'azi da karatun Alaramma Ahmad Sulaiman, daga nan abu ya yi ta yawo ta Bluetooth da Xender. Tsarin MP3 yana matse waƙa ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba, har minti guda ya koma kimanin megabait ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da faifan CD ke ci. Mai tura waƙa da ke son memori ya ɗauki da yawa yakan ƙara matsewa. A 2010 manhajar Android ta sami ikwalaiza a cikin jikinta. Boomplay ya fara a Najeriya a 2015 a cikin wayoyin Tecno, Spotify ya iso a 2021. Waƙa ta daina zama abin ajiya, ta koma abin da ake ja daga intanet ana saurara nan take, sandunan goshin rakoda kuma suka koma cikin aljihu.

A yawancin wayoyin Android sandunan biyar suna zaune ne a kan haz 60, 230, 910, 3,600 da 14,000. Na farko shi ne dum ɗin da ake ji a ƙirji. Lasifikar waya ba ta da girman da za ta iya fitar da shi, don haka wanda ya ture wannan sanda yana saurare a fili bai ƙara komai ba sai kakari da cin caji. Ƙarin desibel 6 kawai a ma'aunin ƙarar sauti yana neman ƙarfin lantarki ninki huɗu. A iyafis ko a 'yar MP mai Bluetooth bes ɗin yakan fito, amma in ya yi yawa sai ya lulluɓe abin da ke samansa. Na biyu shi ne inda murya ke samun jiki, kuma nan ne tsofaffin naɗi ke yin gunji. Na uku da na huɗu su ne gidan magana. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, ga baƙaƙe masu kaifi irin su ƙ da ts da sh, waɗanda rabe su ya dogara da sashen nan na haz 2,000 zuwa 4,000. Wanda ya sauke tsakiya ya ɗaga gefe yana sauraren Shata, ya biya data ne don ya binne abin da ya sa Shata ya zama Shata.

Son bes kansa yana da hujja. Tun 1933 wasu masana sauti, Fletcher da Munson, suka auna cewa in an rage ƙara, kunne yakan rasa kauri kafin ya rasa tsakiya, shi ya sa ɗan ƙarin bes da dare, ƙara tana ƙasa, yake gyara waƙa. Abin da masu haɗa sauti suka daɗe da sani, wanda nake fata ya isa rumfar mai caji, shi ne ragewa ta fi ƙarawa tsabta. In karatu ko wa'azi yana gunji, a sauke 230 kaɗan, murya za ta fito da kanta. In tsohon kaset ne da aka ɗora a intanet, a sauke 14,000, domin babu abin da ya rage a wurin sai shuuu. Ɗan acaɓan da ke ƙure ƙara don ya rinjayi kukan mashin, da ya rage bes zai ji baiti ba tare da ya kai ƙarar ƙarshe ba. Wannan batu ne na lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga baligi. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, kuma sashen da yake fara lalacewa shi ne na wajen haz 4,000, daidai inda baƙaƙen suke.

Akwai kuma iyakar da ikwalaiza ba ta ƙetarewa. Gishiri ce, tana fito da ɗanɗanon abin da ke cikin tukunya, ba ta zuba nama. Tsadar data takan sa mutum ya zaɓi mafi ƙarancin inganci a manhaja, wanda a Spotify kilobit 24 ne a daƙiƙa, alhali mafi girman na MP3 yana kai 320. Abin da aka zubar a hanya babu sandar da za ta dawo da shi. Haka abin yake ga manyan mawaƙanmu. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma da yawa daga waƙoƙinsu da ke yawo a intanet an ɗauko su ne daga kaset ɗin kasuwa da ya sha kwafi, aka matse, aka tura, aka sake matsewa. Gyaran wannan yana wajen tefa-tefan asali da gidajen rediyo irin na Kaduna da Kano suka naɗa. Tef yana ruɓewa da zafi da damshi, injinan da ke juya shi sun yi ƙaranci, masu iya saita kansu da kunne kuma tsufa ya kama su. Duk tef ɗin da aka kwafa da kyau yanzu, a kwafi guda daga asali, zai isa wayar yaro a Adogi da tsabtar da ko masu sauraren mita 49 ba su taɓa ji ba.