Duwatsun Ado: Asalin Tsakiya, Murjani Da Gilashin Bida

Duwatsu shi ne sunan da Bahaushe ya bai wa ƙananan abubuwan ado masu huji a tsakiya, waɗanda ake shiryawa a zare a ɗaura a wuya ko a hannu ko a ƙugu. Sunan ya haɗe abubuwan da asalinsu bai zo ɗaya ba. Wasu duwatsun ne na haƙiƙa da aka haƙo daga ƙasa, wasu daga teku suka fito, akasarinsu kuma gilashi ne da aka narka. Darajar kowanne, a kasuwa da kuma a idon jama'a, ta rataya ne ga wannan asali da sunan ya lulluɓe.

Tsakiya ita ce babba a cikin na dutse. Dangin aƙiƙ ce, mai ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci da ratsin fari. Garin Khambhat da ke jihar Gujarat ta Indiya ya shafe ƙarnoni yana sarrafa ta: a gasa dutsen domin jansa ya fito, a sassaƙa, a huda, sannan a goge har ya yi sheƙi. Daga can take bi ta ƙasashen Larabawa, ta iso Afirka ta Yamma a hannun fatake da alhazai. A ƙarni na 19 masu sana'ar dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga cinikin da aƙiƙ ɗin da suke sayowa daga Burazil, suna kwaikwayon siffofin da masu saye na Afirka suka saba da su. Tsufan wannan ado a ƙasar Hausa ba zato ba ne, domin a kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke jihar Katsina masu binciken kayan tarihi sun tarar da jajayen duwatsun aƙiƙ da na gilashi, tare da wuri da kayan zinariya da na tagulla. Ke nan tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, irin wannan dutse kayan manya ne.

Akwai kuma lantana, jan dutse da fataken Hausawa suke kai wa Ilori daga yankin kogin Kwara na ƙasar Nijar ta yau. Masu sana'ar Ilori suke huda shi su goge, a sayar da shi ga sarakuna da masu sarauta na kudu.

Murjani kuwa ba dutse ba ne ko kaɗan, ƙashin wata ƙaramar halittar ruwa ne, kuma jan da aka fi daraja daga tekun Bahar Rum yake fitowa. Alƙur'ani ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. A ƙasar Hausa ado ne na mata masu hali, kuma kadara ce da uwa kan bar wa 'yarta. A masarautar Bini ma'anarsa ta zarce haka, don kuwa alamar mulki ce. Hular Oba da rigarsa ta sarauta da jajayen duwatsu ake saƙa su, kuma shi yake ba hakimansa izinin ratayawa.

Labarin gilashi ya fi kowanne tsawo, kuma an daɗe ana ba da shi a karkace. An ɗauka cewa duk dutsen gilashin da ke Afirka daga waje ya zo, musamman daga Benis ta Italiya da yankin Bohimiya, waɗanda suka cika kasuwannin nahiyar da hajarsu a zamanin cinikin Turawa. Tonon da aka yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya gyara wannan fahimta. An sami dubban duwatsun gilashi da tukwanen narka shi, binciken sinadaransu kuma ya nuna cewa a nan aka haɗa gilashin da kayan gida, tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

A Arewa, Bida ce cibiyar wannan sana'a. Masu yin ta, waɗanda ake kira Masaga, Nufawa ne da ke zaune a unguwa guda, kuma tarihinsu na baka ya ce kakanninsu daga Masar suka taso. A da suna haɗa nasu baƙin gilashi da rairayi da kanwa, a hura masa wuta kwana da kwanaki. Da kwalabe suka yawaita sai aka koma narka su, launin kwalba shi ne launin dutse. Mai aiki yakan naɗo narkakken gilashi a kan sandar ƙarfe, yana juya ta a bakin wuta har siffa ta fito, ramin da sandar ta bari shi ne hujin. Da haka ake yin duwatsun wuya da awarwaro. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu, sai dai lambar yabo ba ta hana kayan roba masu araha ƙwace kasuwa ba.

Jigida ta nuna wannan sauyi a fili. Ta dauri da ɓawon ƙwarar kwakwa ake yanka ta, ta yau kuwa gilashi ce ko roba. Ma'anarta dai tana nan: ado ne na ɓoye da ake ɗaurawa ƙarƙashin tufa, ana sanya ta cikin kayan aure, ana kuma ɗaura wa jarirai mata.

Mai saye a kasuwa irin ta Kurmi a Kano yana da hanyoyin tantancewa. Dutse na gaske ya fi sanyi a fata, kuma yakan daɗe kafin ya ɗauki ɗumin hannu. Gilashi kan nuna ƙananan kumfar iska idan aka ɗaga shi ga haske. Roba ba ta da nauyi, allura mai zafi kuma tana shigarta. Murjani ya fi wuyar sha'ani, domin ana rina farin murjani mai araha ya koma ja, ba a ganewa sai an duba cikin hujin, inda rinin kan taru ko ya kasa kaiwa.